Kwamitin Zaɓa wa Jamilatu Makaranta

Maharazu bai taɓa hana matarsa karatu ba. Wannan ko a gaban alƙali zai dafa Alƙur'ani ya rantse, kuma ba abin da zai same shi. Shekara uku Jamilatu tana jiran ya ce mata "je ki" ko kuma "ba za ki ba", bawan Allahn nan bai furta ko ɗaya ba. Kwamiti ya kafa mata.

Kafin ya zo Landan, jami'in sayayya ne a wata ma'aikata a Kaduna, inda ko tsintsiya za a saya sai an kawo farashi daga wuri uku an zauna an yi nazari. A nan kuwa, a kamfanin da yake aiki a Marylebone, kwamfuta ce ke wannan aikin, shi nasa danna maɓalli ne kawai. Ƙaiƙayin kwamitin da ya rasa inda zai sosa a ofis, sai ya kwaso shi ya kawo gida.

Ita kuwa Jamilatu 'yar gidan magina ce a birnin Zariya, kuma zanen gini ta karanta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: in tana tafiya a titi ba kantuna take kallo ba, bango take kallo. Amma a Landan ninke riguna take yi a wani kanti a Stratford, Litinin zuwa Alhamis. Burinta bai taka kara ya karya ba, satifiket ne na bayan digiri kan gyara da adana tsofaffin gine-gine. Kuɗin ma ta tara abinta daga ninkin rigunan. Ba aljihun mijinta take nema ba, bakinsa kawai take jira, don a gidan da ta tashi mace ba ta sa ƙafa a babban al'amari sai maigida ya ce to.

Ranar da abin ya fara, ta dawo ne daga Bloomsbury, inda wata kwaleji ta buɗe ƙofa don masu sha'awar kwas ɗin su zo su gani. A can har ƙawa ta yi, wata 'yar Jos mai suna Kachollom, suka zauna benci ɗaya suna ƙunshe dariya, ganin yadda malamin ke yabon farar ƙasa kamar kakansa ne ya ƙirƙiro ta. Jamilatu ta ɗaga hannu ta ba su labarin makuba, yadda mahaifinta ke haɗa ta da ɓawon ɗorawa ya yaɓe soro, damina ta zo ta wuce ruwa bai shiga ba. Malamin ya rubuta sunan a tafin hannunsa don kada ya manta.

"Abban Nana, na samu!" ta ce tun daga bakin ƙofa, tana miƙa masa littafin bayanin kwas ɗin, sabo fil a cikin ledarsa. "Shekara ɗaya ne, ranar Juma'a kaɗai ake shiga. Ƙungiyar masu sana'ar ta amince da takardarsu. Kuma ba zaman aji ne zalla ba, ana fita a kwaɓa a yaɓa da hannu. Fees ɗin sau biyu ake biya, abin da na tara ya isa. Jirgin ƙasa na Tube ɗaya ne daga nan, ba canji."

Maharazu ya gyara zaman gilashinsa. "Madalla. Ai kin san ni a kan ilimin mata. Ina sauran biyun?"

"Sauran me?"

"Quotation mana. Ba a zaɓe daga abu ɗaya, Maman Nana. Due process."

Ya ɗauko wani koren fayil ya saka littafin a ciki, ya ɗaure da zare. A take ya naɗa kansa ciyaman, ya naɗa yayarsa Hajiya Zarah mamba. Jamilatu za ta iya halartar zama amma ba ta da ƙuri'a, ba ta kuma taɓa fayil, tunda a cewarsa tana da interest a cikin maganar. Za a riƙa zama kowace Lahadi bayan la'asar.

Gidan da suke ciki na Yaya Zarah ne, tsohon gini na jan bulo da ya haura shekara ɗari da talatin, wanda mijinta ya rasu ya bar mata. Ita tana sama, su suna ƙasa. Yaya tana da sana'a: duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ana zuwa karɓar odar masa da miyar taushe. Sunan Yaya ne a kan robar, lambar wayar Yaya ce a kan takardar, amma hannun da ke juya masar a tanda na Jamilatu ne. Ba a biyanta, ai ba a biyan 'yar gida. Shi ya sa a zaman farko, da aka ambaci cewa ranar Juma'a ake shiga aji, Yaya ta ƙware da shayi har sai da aka bubbuga mata baya.

Jamilatu ta yi mako biyu tana bincike, ta kawo wasu makarantu biyu. Ɗaya ta intanet ce, mai sauƙin kuɗi. Ɗaya kuma tana can arewacin Ingila, mai suna, mai tsada.

"Ta intanet ɗin nan a cire ta," in ji ciyaman. "Araha ba ta ado. Karatun waya kuma, wa ya san ko a ɗakin wani ake buga takardar?"

"Ni ma ba ita nake so ba," Jamilatu ta ce. "Ba a koyon yaɓe a waya."

"Ba ki da ƙuri'a. Ta arewan kuma, mu ba 'ya'yan gwamna ba ne. A cire."

"To ka ga saura ta Bloomsbury ke nan."

Maharazu ya girgiza kai cikin tausayin wanda bai san aikin gwamnati ba. "Ita ce ma abar tsoron. In tana da kyau, me ya hana ta tsada? In kuma ba ta da kyau, me ya hana ta araha? Ta maƙale a tsakiya. Ruwa ba ya tsami banza."

Aka kafa ƙaramin kwamiti na mutum ɗaya, wato Yaya, ya je ya gano makarantar da idonsa. Sai da ta yi wata guda kafin gwiwarta ta yarda. Ta dawo tana haki, ta zube a kujera ta ba da rahoto.

"Maharazu, kar ka kuskura. Tsohon gini ne! Wallahi ko fenti babu, duwatsu ne baƙi ƙirin. Makarantar da ta kasa rushe nata ta yi sabo, me za ta koya wa 'yar mutane?"

"Yaya, ai aikin ke nan," Jamilatu ta ce a hankali. "Ba rushewa ake koyarwa ba."

"Ka ji ko? Da bakinta ta faɗa. Ko rushewar ma ba su iya ba."

Ciyaman ya ce wannan rahoto ne mai nauyi, yana buƙatar nazari. Gaggawa aikin shaiɗan ce. Ana cikin nazarin aka rufe ɗaukar ɗalibai na shekarar. Da Jamilatu ta faɗa masa, har salati ya yi, ya ce Turawan nan ba su da haƙuri.

Shekara ta biyu ta yi dabara, ta cike takardar neman shiga ba tare da ta jira Lahadi ba. Aka kuwa ɗauke ta. Ta kawo wasiƙar tana rawar jiki, tana zaton za a yi mata barka. Maharazu ya karanta ya cire gilashi ya ajiye.

"Kin tsallake kwamiti."

"Abban Nana, ɗauka fa aka yi."

"Ban ce ba a ɗauke ki ba. Procedure nake magana. In aka bar wannan ya wuce, gobe Nana ma sai ta tashi ta zaɓa wa kanta makaranta."

Nana, 'yarsu, shekararta biyar a lokacin. Yaya ta ƙara da cewa bana ga bukukuwa sun yi yawa, kuma shekara kwana ce. Kwamiti ya ba da shawarar a roƙi makaranta ta ɗaga mata zuwa baɗi. Makaranta ta yarda, amma ta rubuto baro-baro cewa sau ɗaya ake ɗagawa. In baɗi ta zo ba ta karɓi gurbin ba, an ba wani.

A ranar Jamilatu ta kira mahaifiyarta a Zariya tana kuka.

"Ya hana ki ne?" Inna ta tambaya.

"A'a."

"Ya zage ki? Ya ci miki kuɗin?"

"A'a, Inna. Nazari yake yi."

"To ke wace irin 'ya ce? Mijin da zai zauna takanas ya yi miki nazari, shi kike kawo wa ƙara? Ki gode wa Allah."

Nan ne abin ya fi yi mata ciwo. Da ya ce a'a, da ta san inda za ta kai kuka, da kawunanta sun kira shi sun yi masa magana. Amma wa zai kai ƙarar mutumin da bai hana ba? A taron ƙungiyar 'yan arewa ma shi ake ba lasifika in an zo batun ilimin 'ya'ya mata. Yakan tsaya ya ce wanda ya ilimantar da mace ya ilimantar da al'umma, ya nuna Jamilatu da hannu ya ce ga tasa nan ma tana shirin komawa, a yi ta tafi. Ita kuwa tana can bayan teburi tana zuba wa mutane miya.

Sana'ar Yaya ta ci gaba da haɓaka. Aka sayo tanda ta biyu. Jiƙa shinkafa da niƙa ya koma tun ranar Alhamis, don haka Jamilatu ta rage kwana ɗaya a kanti. Bayan hannunta ya cika da ɗigon ƙunar mai, hijabinta ko an wanke sai ya yi warin suya. A jirgin ƙasa ta daina kallon gine-gine ta taga, don kallon sa mata ƙunci yake yi.

Ana haka sai bangon falo ya fara danshi. Fenti ya riƙa ɓarewa, fumfuna ta fito a bayan kujera. Jamilatu ta dafa bangon, ta fita ta ɗaga kai ta duba, ta dawo.

"Abban Nana, indararon baya ne ya tsage, ruwa yana bin bango. A gyara shi, a bar bangon ya sha iska, sannan a yaɓe da farar ƙasa irin wadda aka gina shi da ita. Don Allah kar a sa masa siminti. Tsohon gini numfashi yake yi. In ka toshe shi, ruwan zai taru a ciki har ya turo yaɓen waje. Haka soraye da yawa suka zube a unguwarmu."

Ta ɗauka za a kafa kwamiti. Ina! Kafin la'asar Maharazu ya samo wani mai gyare-gyare ta waya, kafin kwana uku an lafta wa bangon siminti an bi shi da fenti mai ƙyalli.

"Wannan ba a yi masa due process ba?" ta tambaya.

"Emergency ne. Kuma Maman Nana, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. A ƙasar nan ba a jin maganar wanda ba shi da certificate."

Yaya kuwa ta shafa bangon ta ce yanzu ne gida ya zama gida, har mutum yana iya ganin fuskarsa a jiki.

Shekara ta uku ta zo. Makaranta ta aiko da saƙo: ranar Juma'a mai zuwa, ƙarfe goma sha biyu na rana, in ba ta danna ta karɓi gurbinta ba, shi ke nan. Jamilatu ta nuna wa mijinta a waya. Ya ce ai wannan shi ne babban batun zaman Lahadi.

Zuwa lokacin bangon ya yi ciki. Ya kumbura daga tsakiya, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarar fanko. Jamilatu ta janye gadon wasan Nana daga gun, ta kuma roƙi ciyaman ya matsar da kujerarsa. Ya ce kujerar ciyaman ba ta matsawa sai da amincewar kwamiti.

Ranar Lahadi aka zauna. Maharazu ya ɗora koren fayil a cinya, ya yi gyaran murya.

"Da farko, batun da ya taso daga zaman baya. Yaya ta kawo point cewa matakalar makarantar nan ta yi yawa. Shin an tabbatar da adadin..."

Bangon ya yi wata ƙara kamar an taka busasshen kara. Sai ga ɓangaren yaɓe mai faɗin tabarma ya rabu da bulo, ya yi ɗan jim kamar shi ma yana nazari, sannan ya rikito. Allah ya taƙaita, bayan kujerar ya tare nauyin. Ƙura ta turnuƙe falon. Yaya ta yi tsalle ɗaya ta kai matakala ta huɗu, da gwiwar nan da ta yi wata guda ba ta yarda ba, tana ihun "A'uzubillahi! Mutanen ɓoye!"

Da ƙura ta lafa, ga ciyaman zaune fari fat tun daga hula har silifa, gilashi a karkace, fayil ya faɗi ɓaraguzai sun binne shi. Ya tofar da yashi.

"An ɗage zama," ya ce.

"Zuwa yaushe, Abban Nana? Juma'a ce fa deadline."

"Zuwa Juma'ar. Bayan mun ji daga bakin ƙwararru. Kuma kar wanda ya taɓa ko tsakuwa ɗaya, sai 'yan insurance sun gani."

'Yan inshora suka ce tunda tsohon gida ne, sai masanin tsofaffin gine-gine ya zo ya rubuta rahoto. Aka sa ranar Juma'a ƙarfe sha ɗaya. Kwanakin nan huɗu Jamilatu ta yi su tana tsallake ɓaraguzai a falonta, tana duba saƙon makaranta a waya tana mayarwa aljihu. Sau biyu ta tayar da maganar, sau biyu ya ce mata mutumin da bango ya faɗo wa ba a matsa masa.

Ranar Juma'a tun da hantsi tana kicin, tanda biyu a kan wuta, ƙullu cike da bokiti. Ta ji an buga ƙofa, ta ji Maharazu, wanda ya ɗauki hutun rabin rana, yana ta "welcome, welcome" da muryar da yake ajiye wa manyan baƙi. Daga inda take tana jiyo komai. Baƙuwar ta ƙwanƙwasa bango, ta fita baya, ta dawo. Da ta ji Yaya na yi wa ƙanenta Hausa sai ita ma ta juya harshe.

"Oga, matsalar ba daga ciki take ba. Gutter ɗinku na baya ya tsage, ruwa na bin bango. Kuma wa ya ce ku sa cement? Irin gidan nan numfashi yake yi. Kun toshe shi, ruwan ya rasa hanya, shi ne ya turo plaster ɗin. Sai an kankare duka, a bar shi ya bushe, a yaɓe da farar ƙasa."

"Numfashi," Maharazu ya maimaita yana rubutawa a bayan ambulan. "Allahu Akbar. Ilimi kogi ne. Yaya, kin ji? Bango na numfashi!" Ya ɗaga murya. "Maman Nana! Zo ki ji abin da ake kira ilimi. Ki taho wa baƙuwa da masa mai zafi."

Jamilatu ta fito da faranti a hannu, fuska duk gumi. Baƙuwar tana sanye da rigar aiki mai ɗaukar ido, da wata na'ura a hannu. Suka kalli juna.

"Ke!" baƙuwar ta ce. "Mai makuba! Jamilatu, ko? Ni ce Kachollom, benci ɗaya muka zauna! Kai, mun neme ki har mun gaji. Malamin nan duk term sai ya tambaya, ina 'yar Zariyan nan? A ina kika yi naki?"

Jamilatu ta ajiye farantin. "Ban yi ba."

"Ah ah. Me ya faru?"

"Ai ana kan nazari," Maharazu ya yi caraf ya amsa. "Muna so mu zaɓa mata mai inganci, mai sauƙi. Ba a gaggawa da ilimi."

"Shekara uku? Oga, ni na shiga, na gama, na samu aikin nan, har na haihu." Ta ƙura masa ido. "Tsaya, ai na san ka. Ba kai ne ka yi speech a kan ilimin mata a taron 'yan arewa ba? Mijina ya turo min video ɗin. Har na tura wa 'yan cocinmu."

Maharazu ya gyara hula, ƙirjinsa ya ɗan taso. "Ni ne. Ƙoƙari muke yi."

Jamilatu ta dubi agogon bango, wanda yanzu yake jingine a kan talabijin tunda bangonsa ya tafi. Sha biyu saura minti takwas. Ta dubi rigar Kachollom, ta dubi bayan hannunta. Kunyar da ta riƙe ta shekara uku ta neme ta ta rasa. Abin da ya rage mata haushi ne, mai yawa.

"Abban Nana," ta ce. "Ga Yaya, ga baƙuwa. Tambaya ɗaya zan yi maka, don Allah ka ba ni amsa da e ko a'a. Ka hana ni karatun nan ne?"

"Maganar tana gaban kwami..."

"E ko a'a."

Maharazu ya dubi Kachollom. Kachollom tana dubansa, masa a hannu, ta fasa kai wa baki. Ya tuna bidiyon, ya tuna 'yan coci.

"Ni? Hana? Subhanallahi! Ni Maharazu in hana mace karatu? Ban taɓa ba, ba kuma zan taɓa ba."

"Alhamdu lillahi," Jamilatu ta ce, ta zaro waya.

"To masar fa?" Yaya ta fashe. "Maharazu, ka yi magana mana! Ba kai ka ce in kwantar da hankalina, kana jan ta har ta gaji ta haƙura ba? In ta tafi makaranta ranar Juma'a, uban wa zai tsaya min a kan tanda? Oda arba'in gare ni yau kaɗai!"

Daga kicin ƙaurin masa ya fara shigowa, sha biyu a wannan tanda, sha biyu a waccan, duk suna ƙonewa. Ba wanda ya motsa. Maharazu ya duƙar da kai yana karanta bayan ambulan ɗinsa kamar an rubuta masa mafita a ciki.

Jamilatu ta danna wayar, ta ƙi amsawa saboda ƙullu da mai a yatsanta. Ta goge a zani, ta sake dannawa. Saƙo ya shigo cewa an tabbatar mata da gurbi, ana maraba da ita a watan Satumba. Sha biyu saura minti huɗu.

Yaya ta ruga kicin tana salati tana sauke tanda da hannunta, karo na farko a shekara uku. Kachollom ta rungume Jamilatu, ta rubuta mata lambarta, ta ɗauki hotunan bango ta yi sallama, ta ce yanzu ana iya sharewa.

Mai karatu zai so a ce Jamilatu ta yi guɗa. Ba ta yi ba. Ta ɗauko tsintsiya da abin kwasar shara ta durƙusa, hawaye na zuba mata a kan ƙura. Abin da ta yi ɗazu ko minti ɗaya bai ɗauka ba, da yatsa ɗaya ta yi shi. A kan wannan aka cinye mata shekara uku, ba da duka ba, ba da zagi ba, da "madalla" da "ana dubawa". Irin wannan hanin ba ya barin tabon da za a nuna wa Inna, kuma mai yin sa da alwalarsa yake kwana. Gidaje nawa ne ake irin wannan zaman, mace na jiran amsar da aka riga aka yanke ba za a ba ta ba?

Ta ɗaga wani ɓangaren siminti, sai ga koren fayil a ƙasa, zaren ya tsinke. Ta waiga. Maharazu yana tsakar gida ta baya, a ƙarƙashin tsagaggen indararo, waya a kunne. Tana jin sa sarai ta taga.

"Wallahi Alhaji, yau dai Allah ya yi. Ni na matsa mata. Ka san mata da jan ƙafa, shekara uku ina fama..."

Ta buɗe fayil ɗin da ba ta da ikon taɓawa. Takardu ne farare, kowace da kwanan wata a sama, da "an ɗage" a ƙasa, ba komai a tsakani. A bayan ɗaya Yaya ta rubuta sunayen masu odar masa. Can ƙarshe kuma ga littafin bayanin kwas ɗin da ta miƙa masa tun daga bakin ƙofa, ranar da ta dawo bakinta har kunne. Yana nan sabo fil a cikin ledarsa, ko gefenta ba a yaga ba.

Ta zauna a kan ɓaraguzan, ta sa haƙori ta yage ledar, ta buɗe shafin farko.